Masu cewa a hana fim ɗin nan, wa ya karanta littafin a cikinku?

Rubutun zai ɗan yi tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

Tun ranar Alhamis guruf ɗinmu na ɗaliban Arewa bai huta ba. Ga waɗanda ba su san mafarin zancen ba: 'yan sashen Turanci ne suka shirya daren kallo a babban ɗakin lakca, suka haska Half of a Yellow Sun. Da aka iso wurin da sojoji suka shiga filin jirgin saman Kano suna tsamo Ibo suna harbewa, ɗakin ya yi tsit. Sai wani daga kujerun baya ya ɗaga murya ya ce "aboki", wasu suka fara waige-waige suna neman inda muke zaune. Mu biyar ne a wurin. Uku suka tashi suka fita. Kafin gari ya waye wani ya yanko daidai wannan wurin, bai kai minti uku ba, ya jefa a guruf ɗin aji, ya rubuta a ƙasa wai a ga halin mutanen da ake kwana ɗaki ɗaya da su.

Ina cikin biyun da suka zauna. Ba jarumta ba ce, a tsakiyar layi nake, kuma wallahi ƙafafuna ne suka yi nauyi. Don haka kada wani ya zo ya ce mini ban san zafin abin ba. Na sani. Yaron da muke girki tare a ɗaki, wanda in shinkafarsa ta ƙare tawa yake ci, kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Amma takardar ƙorafin da ake ta tara wa sa hannu, wai a kai wa hukumar makaranta ta hana sake haska fim ɗin, ni ba zan sa mata hannu ba. Kuma masu cewa hukumar tace fina-finai ta yi sake tun 2014, da ta ƙona shi gaba ɗaya an huta, ku yi haƙuri, ba na tare da ku. Jiya na yi tambaya ɗaya a guruf: wa ya karanta littafin? Mun fi ɗari a ciki. Mutum uku suka amsa, ɗaya ma cewa ya yi ya fara bai ƙarasa ba. To a kan me muke faɗa? Su sun yanke mana hukunci da guntun bidiyo, mu kuma muna so mu yanke wa littafin da ba mu buɗe ba hukunci da wannan guntun bidiyon dai. Mu da su duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Labarin nan sau uku almakashi yana shigarsa kafin ya iso wayoyinmu, kuma kowane yanka sai ya ƙara rage masa gaskiya.

Chimamanda Adichie ta fitar da littafin a 2006, shafi sama da 400, ya ci kyautar Orange a 2007. Ta bakin mutum uku aka ba da labarin: Olanna, 'yar masu kuɗi da ta bar Legas ta koma Nsukka wurin saurayinta Odenigbo, malamin jami'a, Richard, Baturen Ingila da ya faɗa son tagwaiyarta Kainene, sai Ugwu, yaron gida ɗan ƙauye, wanda aka kawo wa Odenigbo yana ɗan shekara 13. Da Ugwu littafin ya buɗe, da shi ya rufe. Da idonsa muke ganin firji a karon farko, da kunnensa muke jin musun 'yan boko a falo yana daga kicin yana wanke-wanke. Sai yaƙi ya zo, sojojin Biyafara suka kama shi a hanya suka sa shi soja da ƙarfi. A can ne ya aikata abin da ya fi komai tsaya mini a rai a littafin: shi da abokansa sojoji suka yi wa wata yarinya mai sayar da giya fyaɗe. Ita Ibo, su Ibo. Yaron da ka yi shafi ɗari uku kana ƙauna, marubuciyar ta sa shi ya yi wannan, ba ta kuma wanke shi ba. Can a ƙarshe sai ka gane cewa gutsattsarin tarihin yaƙin da aka yi ta sakawa a ƙarshen wasu babi, wanda kowa ya ɗauka Baturen ne ke rubutawa, ashe Ugwu ne.

Yanzu ku tuna abin da muka gani ranar Alhamis. Fim ɗin marigayi Biyi Bandele ne (a Kafanchan aka haife shi fa, a 1967, ba baƙon Arewa ba ne), aka fara nuna shi a Toronto a 2013, kuma bai cika awa biyu ba. John Boyega ne Ugwu, amma me aka bar masa? Kawo abinci, ɗaukar jaka, sai ya ɓace, sai ya dawo. Fyaɗen nan babu shi. Yunwar da ta cinye yara a Biyafara, wadda a littafin sai ka ajiye shi ka fita shan iska, an taɓa ta sama-sama an wuce. Littafin yana tsalle tsakanin farkon shekarun 1960 da ƙarshensu, yana ɓoye maka abin da ya raba tagwayen sai lokacin da zai fi yi maka ciwo. Fim ɗin ya miƙar da komai a layi ɗaya, ya cika giɓin da tsofaffin hotunan labarai da jawaban Ojukwu. Abin da ya rage shi ne wa ya kwana da wa, wa ya ci amanar wa, kaya masu kyau, mota mai kyau, sai bom ya faɗo a wurin biki. Ban ce Chiwetel Ejiofor da Thandie Newton ba su iya wasa ba. Sun iya. Amma an cire wa labarin ƙashin baya.

Ga abin da ya shafe mu a nan. Da aka cire laifin Ugwu, sai ya zama mugunta a fim ɗin fuska ɗaya gare ta, kuma kun san fuskar wa. A littafin yaƙi kowa yake lalatawa, har yaron kirki. Wato wanda ya fi cutar da mu ba marubuciyar ba ce, gajartawar ce.

Ku ɗauki babin Kano ma a littafin. Olanna tana da kawu a Sabon Gari, Mbaezi, da matarsa Ifeka da 'yarsu Arize mai ciki. Kawun yana da aboki Bahaushe, Abdulmalik, mai sayar da takalma, wanda har kyautar silifa ya taɓa yi wa Olanna. Ranar da aka far wa Sabon Gari, da Abdulmalik aka yi. Wannan yana da ɗaci, amma yana nan. A wannan babin dai, wanda ya fitar da Olanna da ranta shi ma Bahaushe ne, Mohammed, tsohon saurayinta: ya sa ta yafa mayafi, ya ratsa da ita cikin masu zanga-zanga a motarsa, ya kai ta tashar jirgin ƙasa. Kuma kafin duk wannan, akwai wurin da Ifeka take dariya tana ba da labarin yadda ake kwaikwayon kukan akuya da wata waƙa don a yi wa kisan Sardauna ba'a, Olanna kuma ta nuna bai kamata a kashe shi ba. Marubuciyar Ibo ce, ita ta rubuta wannan da hannunta. Da wanda ya ce mana "aboki" ya karanta wurin, da ya san labarin bai fara daga filin jirgi ba. Da mu ma mun karanta, da muna da abin faɗa masa maimakon mu tashi mu fita.

Ba cewa nake littafin ya yi mana adalci ɗari bisa ɗari ba. Labari ne daga ɓangaren Biyafara, ba ta ɓoye ba. Ranar 15 ga Janairun 1966, da aka kashe Sardauna da matarsa Hafsatu, da Tafawa Ɓalewa, da Birgediya Maimalari, da Kanar Kur Mohammed, a littafin daga falon Nsukka muke jin ta, ta rediyo, wasu ma murna suke. Babu wani gida a Kaduna ko Sakkwato da aka shiga da mu mu ga makoki. Ina da wannan ƙorafin, kuma na faɗa a aji gaban lakcara, ta ce in rubuta shi a aikin gida. Amma wanda ya karanta ne yake da bakin yin wannan ƙorafin.

Abu ɗaya kuma mu daina yi, don yana zubar mana da mutunci: cewa ƙarya ce, ba a yi ba. An yi. A Mayun 1966 an yi, bayan juyin mulkin Yuli an yi, a Satumba da Oktoba aka yi mafi muni, kuma abin da ya faru a filin jirgin Kano a farkon Oktoba sojoji ne suka yi shi. Dubban mutane suka mutu, 'yan kasuwa da ma'aikatan reluwe da mata da yara da ba su san Nzeogwu ba balle su aike shi. Jinin Sardauna bai halatta nasu ba, ba a kuma koya mana haka a Islamiyya ba. In muna so a girmama mamatanmu na Janairu, ba za mu fara da musun na wasu ba.

Yanka na biyu na gwamnati ne. An shirya fara nuna fim ɗin a Najeriya a ƙarshen Afrilun 2014, kwanaki kaɗan bayan bom ɗin Nyanya da sace 'yan matan Chibok. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta riƙe shi, ta ce sai an gyara wasu wurare saboda tsaro, bai fito ba sai Agusta. To me aka tsare? Wanda aka riga aka nuna a waje yana nan yana yawo. Abin da jinkirin ya haifar kawai shi ne kowa ya ji cewa akwai wani abu da aka yi a Arewa wanda ake ɓoyewa, sai kowa ya tafi neman daidai wannan wurin. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Takardarmu ma haka za ta yi: ranar da aka ji 'yan Arewa sun sa an hana fim, ranar guntun bidiyon zai shiga kowane guruf a makarantar nan, har na 'yan kimiyya da ba ruwansu da adabi.

Yanka na uku shi ne na yaron da ya zauna da wayarsa cikin dare ya ciro minti uku. Babu Janairu, babu Mohammed, babu Ugwu, babu komai sai kaki da bindiga da sunan Kano. Mu da muka tashi da fassarar fina-finan Indiya ai mun san wannan aikin. Mun san yadda mai fassara yake raɗa wa jarumi sunan da ya ga dama, ya cusa barkwanci inda ake kuka, ka kalla ka ƙoshi da dariya, amma in aka ce ka ba da ainihin labarin sai ka fara kame-kame. Can wasa ne. Nan kuwa da mutuncinmu ake yi, a garin da iyayenmu suke da nisan kwana guda a mota.

Kuma in za mu yi fushi, akwai na gida. Tafawa Ɓalewan da aka kashe marubuci ne, shi ya rubuta Shaihu Umar, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Fim ɗin ya yi shekaru ba a jin ɗuriyarsa, sai da aka gyara shi aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Mu nawa ne muka kalla? Sardauna ya rubuta tarihin kansa tun 1962, John Paden ya yi katon littafi a kansa a 1986. Mu nawa muka taɓa ɗauko su a laburare? An yi shekaru babu darasin tarihi a firamare da ƙaramar sakandare, na yarda, ba laifinmu ba ne. Amma yanzu a jami'a muke, ba mai riƙe mana hannu.

Ga 'yan aji biyu masu kwas ɗin nan kuma, shawara kyauta: wanda ya dogara da fim ɗin ya shiga jarrabawa, aka tambaye shi wa ya rubuta littafin da ke cikin littafin, ko me ya sa aka fara da yaron gida, ya shirya maimaita kwas.

Abin da nake nema a maimakon takardar shi ne shugabanninmu su je wurin 'yan sashen Turanci su ce a sake haskawa, amma a ware awa ɗaya bayan an gama, a karanta babin Kano da babin Ugwu a bainar jama'a, a ba mu makirfo mu ma. Shi kuma wanda ya yaɗa guntun bidiyon da wancan rubutun, a kai ƙararsa shi kaɗai, da sunansa, don abin da ya yi tunzurawa ne, kuma wannan takardar ni zan fara sa mata hannu.

Ina da kwafi ɗaya, bangonsa ya yage amma shafukan sun cika. Abokin girkina na ba wa shekaranjiya, ashe shi ma bai taɓa karantawa ba, kakarsa ce kawai take ba su labari. Ya ce zai dawo mini da shi ranar Juma'a. Mai so ya same ni a ƙofar masallaci bayan an sauko, wanda ya riga zuwa shi zai fara, kwana biyar-biyar.