Siminti Ba Ya Ba Da Inuwa

Ɗan'uwa, in ka bi ta Mazanya a Jibiya za ka tsallaka Nijar, ɗan ɗaga kai daga wayarka ka dubi gawon da ke cikin gonaki. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi ke barin tohon kututture ya girma, suna ce masa sassaben zamani.

Mu kuwa a birnin Katsina, sai mu malale tsakar gida kaf da siminti, mu ajiye furen roba a falo saboda hoton Instagram. Afrilu ya zo, an ɗauke wuta, kowa na neman mafici.

In Baba zai yi gini, sa baki tun magini bai zuba kankare ba: a bar taku biyu na ƙasa a dasa darbejiya. Ruwan alwalarku ma ya ishe ta.