Mu San Ƙwarin Karkararmu: Malam Buɗe Littafi Na Tumfafiya

A wannan wata za mu yi magana bisa malam buɗe littafi, don mu rabe mai ɓarna da maras ɓarna.

Masana sun kasa waɗannan ƙwari gida 2. Akwai masu tashi da rana, sun fi iri 17,000 a duniya. In sun sauka, suna haɗe fukafukansu sama kamar an rufe littafi. Akwai kuma masu tashi da dare, masu zuwa wurin fitila. Su kan shimfiɗa nasu bisa baya.

Wanda muka saba gani nan Belbeji da sauran Damargu, na rana ne. Fukafukansa ja-ja ne kamar ruwan goro. Bakinsu baƙi ne da ɗigo-ɗigon fari. A ƙasashenmu fukafukan baya sun fi yawan fari. Faɗinsa santimita 7 zuwa 8. Namiji yana da baƙin tabo 4 a fiffiken baya, mace 3. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Karl Line, ya rubuta shi cikin littafinsa a 1758. Sunansa na ilimi Danaus chrysippus.

Macen tana ƙwai a ganyen tumfafiya. Ƙwan ya zama tsutsa mai zanen fari da baƙi da rawaya. Tsutsar ta ƙoshi, ta rataye, ta rufe kanta, sannan ta fito da fukafukai. Dafin tumfafiya yana zama jikinsa, shi ya sa tsuntsaye ke ƙinsa. Wannan tsutsa ba ta cin hatsi, ba ta cin wake.

Maƙiyinmu na dare ne, ƙarami, launin ƙasa. Yana ƙwai bisa zangarniyar hatsi tana fitowa. Tsutsarsa ita ce murzuna, mai bin zangarniya tana zagayawa tana cin fure da tsaba. Ɓarnarta ta yi yawa tun bayan farin 1973.

To, kada ka sayi magani don ka ga jan malam buɗe littafi a gonarka. Asarar kuɗi ce, ga kashe zuma, ga haɗari ga dabbobi. Abin yi, in hatsi ya fara fid da kai, ka riƙa duba zangarniya. In ka ga zanen murzuna, gaya wa malamin gona da wuri.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.