Laifin Mutum Ɗaya, Horon Gari Guda

Ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, ko ɗan kasuwa a Nguru, yakan nemi wani shafi na intanet a wayarsa, sai a ce an toshe shi, ko kuwa a tsare shi da tambayoyi, wai ya tabbatar shi mutum ne. Galibi bawan Allah bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Ga yadda al'amarin yake. Kowace na'ura da ta hau intanet tana bukatar lamba, wato adireshi. Tsohon tsari, IPv4, adireshi wajen biliyan 4.3 kaɗai ya tanada, babban rumbunsa kuwa ya ƙare tun Fabrairun 2011. Saboda haka kamfanonin waya suka dogara ga dabarar da ake kira NAT: a tara ɗaruruwan masu waya, wani sa'in dubbai, su fita duniya da adireshi guda. Tamkar akwatin gidan waya ne da unguwa guda ke karɓar wasiƙa da shi. Na waje lambar akwatin kaɗai ya sani.

To, akwai harin da ake kai wa shafuna, inda mugu zai harbi dubban na'urori da cuta, ya sa su yi wa shafi ɗaya rubdugu da buƙatu har ya kasa amsa wa kowa. Irinsa ne ya faɗa wa kamfanin Dyn na Amurka a Oktoban 2016, har Twitter da Netflix suka gagari jama'a da dama. Mai shafi in ya ji wuta, sai ya rufe adireshin da ɓarna ke fitowa. Amma in waya ɗaya ce ta kamu a Nguru, duk wanda ya yi tarayya da ita a adireshi ya shiga ciki, alhali maharin na da sauran dubbai a hannu.

Wikipedia ta taɓa toshe adireshi guda saboda ɓarna, ashe kusan ƙasar Katar duka da shi take fita. Mutanen Yobe kuwa ba baƙi ba ne ga horon gama-gari: a 2013 an katse musu layukan waya gaba ɗaya saboda tsaro.

Sabon tsari, IPv6, yana da adireshin da zai wadaci kowace waya ta samu nata. Ya kamata Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta matsa wa kamfanonin waya lamba su koma kansa.