Ciwon Mara: Kada Mu Bar 'Yan'uwanmu Mata Su Kaɗai

Akwai maganar da ba ma yi a taron dattawa, ko a Zumuntar Mata ma sai dai a raɗa. Mace ta daɗe tana fama da ciwon mara, ta je asibiti an yi mata hoton ciki, an ce an ga ƙullutu mai ruwa a gidan ƙwanta. Daga ranar barci ya ƙaurace mata, gama ta ɗauka ciwon daji ne. Na san wata a ikkilisiyarmu da ta ɓoye takardar hoton a ƙasan akwati har wata 4, ko maigidanta bai sani ba.

Ya kamata mu sani cewa ga macen da take ganin al'ada, yawancin irin wannan ƙullutu ba daji ba ne. Yakan fito ne garin nunar ƙwai na wata-wata, ya kuma baje da kansa cikin wata 2 ko 3. Shi ya sa likita yakan ce a dawo a sake hoto bayan 'yan makonni. Ba raini ba ne, ba kuwa neman kuɗi ba. Gwajin jinin nan na CA-125 ma yakan hau saboda ƙarin mahaifa, ko juna biyu, ko jinin al'ada, don haka hawansa kaɗai ba hukunci ba ne. In ma ta kai ga fiɗa aka cire gidan ƙwai guda, ɗayan yakan isa a haihu.

Amma akwai inda jira yake da haɗari. Ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya da amai, ko jiri, ko zazzaɓi, yana iya zama ƙullutun ya fashe ko ya murɗe gidan ƙwan. Wannan na asibiti ne a daren, ba sai gari ya waye ba. Haka kuma uwayenmu da al'ada ta ɗauke musu: dajin gidan ƙwai ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50. In ciki ya riƙa kumbura, ana saurin ƙoshi, ana yawan fitsari har makonni, kada a ce tsufa ne. Wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta yi dajin nono ko na gidan ƙwai, ta gaya wa likita.

A ganina, mu dattawa muna da laifi a nan. Mukan yi addu'a mu sallami mace, ba mu tambayi ko tana da kuɗin mota zuwa birni ba. Wasu kuma sukan fara tsegumi cewa zunubi ne ko asiri, sai ta ƙara ɓoyewa. Ina roƙon kowace ikkilisiya ta ware wani abu daga baiko domin kuɗin hoto, Zumuntar Mata kuma ta zaɓi mutum biyu masu riƙon amana da za su riƙa raka marar lafiya. Magidanta, ranar komawa asibiti ku ajiye fartanya ku bi matanku.