Lambar Da Ba Ta Tsare Asusun Kowa

A watan Oktoban 2024 wani Ba'amurke mai suna Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia, ya gano lamba mara rabuwa da ta zarce duk waɗanda aka sani kafinta. Mara rabuwa ita ce wadda babu abin da zai raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta, kamar 7 ko 13. Ana samun ta Durant idan aka jera 2 sau 136,279,841, aka ninka su da juna, sannan aka ɗebe ɗaya. Alƙalumanta 41,024,320 ne. Mai karanta alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai shafe fiye da wata 15 kafin ya kai ƙarshenta.

Ita ce ta 52 da aka gano cikin dangin da ke ɗauke da sunan Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa da ya rasu a 1648. Ba kowace lamba mai wannan siffa ke tsira ba: a jera 2 sau 11 a ɗebe ɗaya, za a sami 2,047, wadda 23 da 89 ke rabawa. Amma duk wadda ta tsira tana haifar da cikakkiyar lamba, wato wadda idan aka tara masu raba ta, ban da ita kanta, sai a dawo kanta, kamar yadda 1 da 2 da 3 suke ba da 6.

Idan aka tambayi amfaninta, masu kare aikin sukan ce da irinta ake tsare asusun banki. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Tsarin ɓoye saƙo na RSA yana aiki ne da lambobi masu 'yan ɗaruruwan alƙaluma, waɗanda ake riƙewa a asirce. Lambar da duniya ta sani ba ta zama mabuɗi.

Gaskiyar ta fi wannan daraja. A 1640 Pierre de Fermat ya bayyana wata ƙa'ida kan lambobi marasa rabuwa, ba don kasuwa ba, ba don yaƙi ba. Sai a 1977 aka gina RSA kan ita da ire-irenta, shekara 337 bayan haka. Da gwajin da ya samo asali daga wannan ƙa'ida ne kuma Durant ya fara hango lambarsa.

Wannan ne ya kamata hukumomin da ke raba kuɗin bincike su lura da shi. Wanda ya ce ba zai biya ba sai an nuna masa ribar bana, da shi ne mai yanke hukunci a 1640, da ya sallami Fermat hannu wofi. Mai dashen dabino ya san ba lallai ne shi zai ci ba.