Sanarwar Bayan Taron Matuƙan Jiragen Sama Kan Ɗaukar Aiki da Ƙarin Girma

Ƙungiyar matuƙan jiragen sama masu jigilar cikin gida da maƙwabtan ƙasashe ta kammala zamanta a Kano, inda kyaftin-kyaftin da mataimakansu, da matasan da suka fito daga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, suka tattauna kan yadda ake tantance matuƙi da yadda yake tashi daga kujerar dama ta mataimaki zuwa ta hagu ta kyaftin.

Taron ya lura cewa matashi kan fito da lasisin tuƙin kasuwanci da sa'o'i kusan 200 a littafinsa, alhali lasisin zama kyaftin a jirgin fasinja sai da sa'o'i 1,500, kuma babbar hanyar tara su ita ce kujerar mataimaki, wadda ake hana shi da hujjar ƙarancin sa'o'i. Bisa haka taron ya zartar da waɗannan ƙudurori:

1. Horon sanin makamar samfurin jirgi, ko Boeing 737 ne ko Embraer 145, nauyi ne na kamfanin da zai ci moriyar matuƙin. Taron bai yarda a ɗora shi kan iyayen da suka riga suka sayar da gona ko fili wajen biyan kuɗin makaranta ba. Idan kuwa kamfani ya biya, to yarjejeniyar zama da shi ta kasance mai wa'adi, bashin kuɗin horon na raguwa kowace shekara.

2. Kamfanoni su bayyana sharuɗɗan intabiyu tun a tallan aiki, su bai wa mai nema lokacin shiri kafin gwaji a na'urar kwaikwayon tuƙi, su kuma sanar da wanda ya faɗi inda ya gaza, maimakon "za mu kira ka" da ba a kira.

3. Ƙarin girma ya bi jerin shigowa aiki, da sa'o'i, da sakamakon gwaji, ba sanayya ba.

4. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta yi aiki da Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5 na 2018, ta yadda ba za a sabunta gurbin baƙon matuƙi ba sai an nuna ɗan ƙasar da ake horarwa ya gaje shi.

5. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ta gayyaci kamfanoni da ƙungiyar domin zama kan waɗannan batutuwa, kuma an ɗora wa sakatariya alhakin miƙa mata wannan sanarwa.

Sa hannu: Shugaba da Sakataren Ƙungiya