Haƙƙin Yaro Mai Ciwon Daji a Kanmu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji suna warkewa, amma a ƙasashe matalauta da yawa ba su kai kashi 30 ba. Jinkiri da yanke magani suna cikin manyan dalilai.

Muƙamuƙin yaro zai kumbura a Argungu, sai a ce sammu ne, a ɓata watanni wajen boka. In an kai shi asibiti a Birnin Kebbi, aka tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, sai guzuri ya ƙare ana tsakiyar magani, uba ya ɗauko ɗansa ya dawo gida. Alhali irin ciwon muƙamuƙin da Likita Burkitt ya bayyana a 1958 yana jin magani ƙwarai idan an kai ƙarshensa.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin masallatanmu su ware wa waɗannan iyalai kaso daga zakka, ko na mota da abinci ne. Malaman Islamiyya kuma su riƙa bin yaron da darasi har gida, su tsawata wa masu yi masa dariya idan gashinsa ya zube, su sanar da iyaye cewa ba a ɗaukar wannan cuta.